Manhaja Ba Ta Tuna Dalili: Martani ga Mai Cewa a Yar da Takarda

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwanmu, injiniyan manhaja da ya yi karatu a Maleshiya, ya rubuta yana kira ga matasanmu masu sana'ar kwamfuta da su rabu da abin da yake gani ɓata lokaci ne, wato rubuta sharuɗɗan da aka gina manhaja a kansu da bin sawunsu duk sanda aka taɓa ta. Hujjarsa daga Chow Kit ya ɗauko ta, unguwar kasuwa a tsakiyar Kuala Lumpur. A can, in ji shi, mai kifi yana karɓar kuɗi ta waya, jirgi yana wucewa ta saman titi a kan dogo guda, nan kusa kuma ga wani jirgin da ke tafiya ba direba. Duk wannan, a ganinsa, ya samu ne don mutanen can suna aiki da sauri, mu kuwa mun zauna cika fayil. Ya ce manhajar da ke aiki ita ce shaidar kanta, duk mai son sanin abin da take yi ya buɗe rubutunta ya karanta. Da ya zo kan karon da jiragen ƙasa biyu suka yi a birnin a 2021 kuwa, sai ya wuce da jimla ɗaya: mutum ne ya yi kuskure, na'ura ba ta yi ba.

Malam, ban yarda ba. Kuma wurin da ka zaɓa ya tsaya maka shaida, shi ne yake ba da shaida a kanka.

Akwai inda ka yi gaskiya, ba zan hana ka ita ba. Duk wanda ya taɓa aikin kwangilar gwamnati a ƙasarmu ya san irin kundin da ake haɗawa don a sa hannu a biya kuɗi, shafi ɗaruruwa, an kwafo rabinsa daga wani aikin, a ɗaure shi a ajiye a kabad, ba mai sake buɗe shi. Irin wannan takarda ba ta tsare kowa daga komai. Amma daga cewa an saba rubuta takardar banza zuwa cewa bin sawun sharaɗi banza ne, akwai tazara mai yawa, kai kuma ka tsallake ta da taki ɗaya. Ko mutum 17 ɗin nan da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a 2001 suka fitar da sanarwar Agile, wadda masu ra'ayinka ke yawan jingina da ita, sun fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu ne kawai, kuma a cikin sanarwar suka bayyana cewa abin da suka sa a baya shi ma yana da daraja.

Ya kamata mai karatu ya san a kan me muke jayayya. Sharuɗɗan manhaja iri biyu ne. Akwai na aiki, waɗanda ido ke gani: in an danna nan kuɗi ya fita, in jirgi ya iso tasha ƙofa ta buɗe. In ɗaya daga cikinsu ya ɓace, kafin azahar an kira ka a waya. Akwai kuma na inganci: cikin daƙiƙa nawa za a amsa, mutum nawa za ta ɗauka a lokaci guda, wa ke da ikon ganin bayanan wa, me za ta yi in layin sadarwa ya yanke, ina za ta tsaya in ta rikice. Waɗannan ba su da maɓalli a allo. Ba su zaune a wuri ɗaya cikin rubutun manhaja, a warwatse suke, ɗan layi nan, ɗan adadi can, wani lokacin ma a cikin abin da aka ƙi yi da gangan. Shi ya sa su ne ke salwanta ba tare da kowa ya ji motsinsu ba. Bin sawu yana nufin a iya tashi daga sharaɗi a nuna inda aka cika shi da gwajin da ya tabbatar da shi, a kuma iya tashi daga kowane yanki na manhaja a koma ga sharaɗin da ya haife shi da mutumin da ya nema da dalilinsa.

To mu shiga kasuwar taka. Ɗan kasuwa mai kanti a Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin da ya ratsa Chow Kit, ya ga dokar lissafinsa ta sauya sau da yawa. Tun 1 ga Afrilun 2008 ake zagaye jimlar ciniki zuwa sen biyar mafi kusa, don a rage amfani da ƙwandalar sen ɗaya. Ranar 1 ga Afrilun 2015 harajin GST na kashi 6 cikin ɗari ya fara aiki. Bayan zaɓen 2018 sabuwar gwamnati ta mayar da shi sifili daga 1 ga Yuni, sannan ranar 1 ga Satumba aka dawo da harajin SST. Daga Agustan 2024 kuma aka fara tilasta wa manyan kamfanoni fitar da rasit ta intanet, ana sauko da dokar kan ƙanana mataki-mataki. Kowane sauyi daga cikin waɗannan sai da wani ya zauna gaban manhajar kanti ya tambayi kansa: ina da ina ne harajin nan ya taɓa? Rasit ne kaɗai, ko har da mayar da kaya, da rangwame, da rahoton ƙarshen wata? Zagayen sen biyar ɗin kafin haraji ake yin sa ko bayansa? Wanda ke da jerin sharuɗɗa masu nuna inda kowanne ya sauka, ya gama cikin kwanaki. Wanda ba shi da shi sai ya bi rubutun layi-layi yana fatan bai tsallake komai ba. Saurin da ka gani, Malam, na mutumin farko ne.

Haka lambar DuitNow QR da ka yaba, wadda kamfanin PayNet ke gudanarwa. An fara ta ne don ciniki da ringit a cikin gida, daga baya aka haɗa ta da tsarin Tailan, da na Singafo, da QRIS na Indonesiya. Chow Kit cike take da 'yan Indonesiya, don haka wannan ba labarin nesa ba ne gare ta. Ranar da aka buɗe wannan ƙofa, duk wani zato da aka gina tsarin a kansa ya zama abin dubawa: cewa kuɗin iri ɗaya ne, cewa bankuna biyun suna ƙarƙashin babban banki ɗaya, cewa amsa za ta dawo cikin ƙiftawar ido. Babu babban bankin da zai bari a yi irin wannan haɗi da ka. Mai kifi bai ga takarda ba don ba a gabansa ake ajiye ta ba.

Yanzu jirgin, don a nan ne maganarka ta fi damuna.

Daga kasuwar Chow Kit, in ka bi Jalan Raja Alang ka shiga Kampung Baru, tafiyar ƙafa ce zuwa tashar ƙarƙashin ƙasa ta layin Kelana Jaya. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa a Gombak sun san layin nan sarai, don Gombak ce ƙarshensa ta arewa. Da daren 24 ga Mayun 2021, wajen ƙarfe takwas da rabi, jirage biyu suka yi taho-mu-gama a cikin ramin da ke tsakanin tashoshin Kampung Baru da KLCC. Ɗaya na ɗauke da fasinja 213, kwamfuta ke tuƙa shi. Ɗayan babu fasinja, mutum ke tuƙa shi da hannu. Mutum 47 suka ji munanan raunuka, aka kwashi mutane zuwa babban asibitin Kuala Lumpur da ke Jalan Pahang, a gefen Chow Kit ɗin. Kwana biyu bayan nan aka sauke shugaban kamfanin Prasarana mai layin, Tajuddin Abdul Rahman, daga muƙaminsa.

Bayanin farko da ministan sufuri na lokacin, Wee Ka Siong, ya bayar shi ne wanda ka riƙe: matuƙin ya nufi inda bai kamata ya nufa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Me ya kai mutum kujerar tuƙi a layin da aka gina don ya yi tafiya ba direba? Rahoton kwamitin bincike da ya fito a watan Yuni ya nuna cewa kwamfutar cikin jirgin ce ta tsaya, sadarwa ta yanke tsakaninsa da cibiyar da ke lura da layin, shi ya sa aka kira mutum ya karɓa. Daga nan aka tsallake wasu muhimman matakai tsakanin matuƙin da ɗakin lura, aka kuma saki jirgin fasinja daga KLCC kafin a tabbatar da inda ɗayan yake. Kwamitin ya ba da shawarwari 23, majalisar ministoci ta amince da su. Ba a rubuta shawara 23 don gyaran kuskuren mutum ɗaya.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne inda haɗarin ya faru. Ya faru ne a bakin iyaka, inda na'ura ta saki mutum ya kama. Wannan iyaka ita ce gidan sharuɗɗan inganci. In jirgi ya ɓace wa cibiya, wane yanki na dogo za a kulle? Wa ke da ikon buɗe shi, bayan ya tabbatar da me? Matuƙin da ke cikin rami, inda gabas da yamma duk duhu ne, da me zai san ina ya dosa? Amsoshin nan wani sashensu na cikin manhaja, wani na cikin littafin ƙa'idar aiki, wani na cikin horon da aka ba ma'aikaci. Ka buɗe rubutun manhajar ka karanta har gari ya waye, kashi ɗaya cikin uku za ka gani. Abin da ke ɗaure ukun wuri ɗaya shi ne sharaɗin da aka rubuta aka ba shi lamba, aka nuna cewa wannan ɓangaren na'ura ce ke tsaron sa, wancan kuma an bar wa mutum, ga kuma abin da aka zata mutumin zai iya. In wannan igiya ta tsinke, na'ura za ta fita da hannunta fes, laifin ya gangara kan ƙaramin ma'aikaci. Ni wannan ba zancen fasaha kaɗai ba ne a wurina, zancen adalci ne.

Ka kuma dubi hannuwan da layin nan ya bi. An buɗe shi a 1998 ƙarƙashin kamfanin PUTRA. A 2002 Prasarana ta gwamnati ta karɓe shi. Jiragen farko masu tarago biyu ne, daga baya aka kawo masu huɗu. A 2016 aka tsawaita shi zuwa Putra Heights, tashoshi suka kai 37. Tsarin siginar SelTrac da ke tuƙa jiragen na Alcatel ne a lokacin da aka girka shi, ya koma hannun Thales, a 2024 kuma sashen ya koma Hitachi Rail. Injiniyan da ya zauna a shekarun 1990 ya yanke cewa a jira daƙiƙa kaza kafin a ɗauka jirgi ya ɓace, ina yake yau? Wataƙila ya yi ritaya, wataƙila ya riga mu gidan gaskiya. Adadin da ya zaɓa yana nan cikin na'ura. Dalilinsa kuwa, in ba a rubuta ba, ya tafi da shi.

A watan Nuwamban 2022 an ga yadda abin yake in tsohon tsari ya fara abin da ba a gane ba. Na'urar sarrafa jiragen ta riƙa rikicewa, sai aka rufe tashoshi 16 daga Kelana Jaya zuwa Ampang Park tun daga 9 ga wata, Kampung Baru na cikinsu, aka kira ƙwararrun Thales daga Kanada. Sai 14 ga wata aka sake buɗewa. Rufewar ta wahalar da dubban ɗaruruwan mutane, amma ina ganin daidai aka yi, kuma ta rushe hujjarka. Waɗanda ka ce sauri ne sirrinsu, su ne suka tsayar da layi kwana biyar don ba za su ɗauki mutane a kan tsarin da ba za su iya nuna cewa yana cika sharuɗɗan tsaronsa ba. Manhajar siginar jirgin ƙasa ana gina ta ne bisa ƙa'idoji irin su EN 50128 ta Turai, kuma bin sawun sharaɗi daga tushe zuwa gwaji yana cikin abin da ƙa'idar ke nema. Jirgin da ka hau ba direba, takardun da ka raina ne suka ba shi izinin tafiya.

Ka ce rubutun manhaja ya isa bayani. Rubutun manhaja yana faɗin abin da take yi. Ba ya faɗin don me, ba ya kuma faɗin a wane hali ne abin zai daina zama daidai. Babu misalin da ya fi fito da wannan kamar rokar Ariane 5, wadda ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996 ƙasa da minti ɗaya bayan ta tashi daga Kourou. An ɗauko manhajar auna matsayi daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya. A cikinta akwai wurin da ake zuba babban adadi a ƙaramin ma'auni, kuma da gangan masu ginin farko suka bar wasu wuraren ba kariya, don kada su cika wa kwamfutar nauyi, bayan sun lissafa cewa a irin tashin Ariane 4 adadin ba zai taɓa cika ma'aunin ba. Lissafinsu daidai ne. Ariane 5 kuwa ta fi saurin karkata, adadin ya yi ambaliya, kwamfutar ta tsaya, ta ajiya ma ta tsaya don rubutunsu ɗaya ne. Abin da ya fi ciwo, aikin da ya jawo wannan ba shi da amfani ga Ariane 5 bayan ta bar ƙasa, buƙata ce ta tsohuwar roka da aka gada. Babu layin da ya lalace. Kowane layi ya yi abin da aka rubuta. Sharaɗin da ke bayansa ne ya mutu ba a sani ba. Kwamitin Jacques-Louis Lions da ya bincika ya ba da shawarar a riƙa kula da takardun dalili kamar yadda ake kula da rubutun manhajar kansa.

Na Boeing 737 MAX ya fi wannan muni, don da rayuka aka biya. Tsarin MCAS an fara tsara shi ne ya motsa wutsiyar jirgi da digiri 0.6 a wani yanayi da ba kasafai ake shiga ba. Da gwaji ya nuna ana buƙatarsa a tafiya mai ƙarancin gudu, aka ƙara masa iko zuwa digiri 2.5, ya kuma dogara da na'urar auna kusurwa guda ɗaya. An sauya tsarin, amma binciken haɗarin da hukumar FAA mai sa ido kan jiragen sama ta gani bai bi sauyin yadda ya kamata ba. Jirgin Lion Air ya faɗa tekun Java ranar 29 ga Oktoban 2018 da mutum 189, na Habasha ya faɗi ranar 10 ga Maris na 2019 da mutum 157. Akwai gaggawar kasuwa a ciki, akwai sakacin masu sa ido. Amma ta ƙofar da nake magana a kanta aka shiga: an taɓa adadi, ba a koma an tambayi duk abin da ya rataya a jikinsa ba. A can ma da farko matuƙa aka fara nuna wa yatsa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne Bahaushe ne ya rubuta maƙalar nan, alhali mun tashi cikin al'adar da ta san darajar bin sawu tun kafin a ƙera kwamfuta. Ɗalibin hadisi a zauren malami a Kano ko Sakkwato ya san matani kaɗai bai isa ba, sai an ji isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun haɗu kuwa, amintacce ne? Magana na iya yin daɗi a kunne, amma in silsilarta ta yanke, darajarta ta sauka. Malaman nan ba don son wahala suka yi wannan aiki ba. Sun san magana tana bin hannuwa, tana sauyawa a hanya, kuma wanda zai yi hukunci da ita bayan shekara ɗari ba zai ga wanda ya fara faɗin ta ba. Rubutun manhaja matani ne, kai kuma kana cewa a yar da isnadin. A 1994 Orlena Gotel da Anthony Finkelstein, bayan sun bincika yadda masu sana'ar ke aiki, sun nuna cewa babbar matsalar ba ta tsakanin takarda da manhaja ba ce, tana gaba da nan: a kasa gano wanda sharaɗin ya fito daga gare shi don a tambaye shi abin da yake nufi.

Kada a ce wannan matsalar masu roka da jiragen sama ce. Mu dawo gida. Shafin IReV da hukumar zaɓe ta INEC ke ɗora sakamako a kansa an fara amfani da shi a 2020, ya yi aiki a zaɓukan gwamnonin Edo, Ondo, Anambra, Ekiti da Osun. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bayanin da INEC ta bayar a rahotonta shi ne an tsara rumbun ne ta yadda kowane zaɓe ke rataye a jikin wata jiha, zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa ƙasa ce baki ɗaya, don haka tsarin ya rasa inda zai ajiye shi. Mutane da yawa ba su karɓi wannan bayani ba, kuma ba wannan ce muhawararmu ba. Amma in an ɗauke shi yadda aka faɗa, ai labarin Ariane ne da rigar gida: zato ne da ya yi daidai a zaɓen jiha, ba wanda ya rubuta shi a matsayin zato, ba wanda ya koma kansa da aikin ya girma. Amanar da ƙasa ta yi asara a daren nan har yau ba ta dawo ba.

Sai jarrabawar JAMB ta 2025. A watan Mayu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida da hawaye ya amsa cewa an sami matsala a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka ce ɗalibai kusan 380,000 su sake zama. An yi wa manhajar gyara, gyaran bai kai ga wasu sabobi ba, aka yi wa yara maki da abin da bai dace da amsoshinsu ba. Tambayar da za ta kama wannan tun kafin ranar jarrabawa gajeriya ce: sauyin nan ina da ina ya kamata ya sauka, wa ya tabbatar ya sauka? Sauri ya haifi nawa, yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba su suka biya.

Na san amsar da za ka bayar, don masu ra'ayinka sun saba da ita: gwaji mai gudanar da kansa ya wadatar, in an ɓata wani abu zai nuna ja. Ina tare da kai a kan muhimmancin gwaji. Sai dai gwaji yana tsaron abin da aka tuna aka rubuta masa ne kawai. Kuma duk wanda ya yi aiki cikin ayari ya san abin da ke faruwa da yammacin Alhamis in gwaji ya nuna ja, ana jiran a miƙa aiki, wanda ya rubuta gwajin ya bar kamfanin bara. Sabon yaro zai duba ya ga an ce amsa ta zo cikin daƙiƙa biyu, yanzu tana ɗaukar uku, ba abin da ya gaya masa daga ina biyun ta fito, sai ya mayar da ita biyar, komai ya koma kore. Bai yi mugunta ba. Da gwajin na ɗauke da lambar sharaɗi, sharaɗin kuma ya ce bankin da muke hulɗa da shi yana yanke layi bayan daƙiƙa kaza, da bai taɓa ba sai ya tambaya.

Abin da nake karewa ba kundin kabad ba ne, kuma bai kai nauyin da kake zato ba. Kowane sharaɗin inganci a ba shi lamba, a rubuta shi da adadin da za a iya aunawa, don cewa manhaja ta yi sauri ba sharaɗi ba ne, fata ne. A sa sunan wanda ya nema, da jimla biyu na dalili, da zaton da ya dogara a kai. A ajiye shi a rumbu ɗaya da rubutun manhajar, ya riƙa sauyawa tare da shi. Mai yin gyara ya ambaci lambar da ya taɓa, mai duba aikinsa ya tambayi wadda bai ambata ba. Sharaɗin da ya mutu a rubuta ranar mutuwarsa a cire abin da ya bari a baya. Zurfin aikin kuma ya bi girman haɗarin. Matashin da ke gina manhajar odar abinci a Zariya ba a ce ya yi abin da mai siginar jirgi ke yi ba, shafi ɗaya ya ishe shi. Amma ranar da manhajar tasa ta fara riƙe kuɗin mutane ko lambar katinsu na ɗan ƙasa, ya shiga wani aji, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na damu da maƙalarka ne saboda waɗanda za su karanta ta. Yawancinsu za su yi aikinsu ne a kan tsarin da wasu suka gina suka tafi: manhajar asibiti, ta albashin jiha, ta banki, ta makaranta. Mu ƙasa ce mai sayen fasaha, kuma mai saye shi ya fi kowa buƙatar isnadi, don mai ƙerawa ba ya kusa. Maleshiya, da injiniyoyinta da shekara 24 na gudanar da layin Kelana Jaya, sai da ta jira mutane daga Kanada a 2022. Ana shimfiɗa dogo daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aikin da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil. Wata rana za a miƙa shi, da siginoni da na'urori da manhajar da aka rubuta a wata ƙasa. Ina so injiniyoyin da za su karɓa su nemi fiye da makulli da littafin koyon aiki. Su nemi jerin sharuɗɗan tsaro da lambobinsu, da gwajin da ya tabbatar da kowanne, da zaton da aka yi game da zafinmu da ƙurar hunturunmu da wutar lantarkinmu, da abin da aka bar wa ma'aikacin tasha ya yi da hannu ranar da sadarwa ta yanke tsakanin Kazaure da Daura. Su kuma sa a kwangila cewa duk gyaran da kamfanin zai turo nan gaba sai ya zo da jerin sharuɗɗan da ya taɓa, kafin a biya kuɗin ƙarshe.